Akanta, Bizines Admin ko Ikonomiks: wane kwas ne ke kai mutum ina?

Duk shekara idan aka buɗe rijistar JAMB sai ka ga yaran da suka yi ajin kasuwanci a sakandare sun shiga ruɗani, wannan ya ce akanta zai cika, wancan ya ce Bizines Admin don wai ya fi sauƙi, wani kuma mai shagon intanet ɗin da ya je rijista ne ma zai zaɓa masa kwas, shi dai burinsa ya ga sunansa ya fito a jami'a. Iyaye kuwa da yawa duk abu ɗaya suke ɗaukar su, "karatun banki" kawai suke cewa. Alhali kwasa-kwasan nan ƴan gida ɗaya ne amma kowa da inda ya nufa, kuma abin da ya fi raba su ba wahalar karatun ba ne, a'a, wasu akwai ƙofa takamaimai da suke kai ka bakinta, wasu kuma fili suke sakin ka sai dai kai ka nemo taka ƙofar. Wannan bambancin shi ya kamata yaro ya gane kafin ya danna komai.

Da farko dai abin da ya haɗa su. Kusan dukkansu shekara 4 ne ga wanda ya shiga ta jarabawar JAMB, shekara 3 ga wanda ya shiga kai tsaye aji biyu da takardar difloma ko NCE ko IJMB. Dole sai da kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi, kuma mafi yawan jami'o'i suna son ganin Ikonomiks a ciki. A JAMB ɗin ma galibi Turanci ne da lissafi da Ikonomiks sai ƙarin darasi ɗaya. Saboda haka wanda ya gudo daga ajin kimiyya don tsoron lissafi yana zaton ya tsira, to ya sani zai sake haɗuwa da shi tun a aji ɗaya, ga lissafin kasuwanci ga ƙididdiga, babu inda za ka ɓuya. A shekarar farko da rabin ta biyu ma kusan darussa ɗaya kowa yake yi, ɗan akanta da ɗan Bizines Admin a ɗaki ɗaya suke cakuɗuwa. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabon tsarin manhaja a ƙarshen 2022 wanda ake ce wa CCMAS, inda ita ke tsara kashi 70 na abin da za a koyar, kowace jami'a ta cike kashi 30 da abin da ya dace da yankinta, don haka abin da za ka karanta a Zariya da na Legas ba wani nisa ne tsakaninsu ba a takarda. A wajen malamai da kayan aiki ne ake samun tazara.

Bari mu fara da akanta, don a ganina shi ne wanda hanyarsa ta fi fitowa fili. Abin da ake koya shi ne yadda ake rubuta duk kuɗin da ya shiga da wanda ya fita, yadda ake haɗa rahoton ƙarshen shekara na kamfani, yadda ake ƙididdige abin da kaya suka ci kafin a sa musu farashi, binciken littattafan kuɗi wato odit, haraji, da lissafin kuɗin gwamnati. Kowace ma'aikata tana buƙatar wannan mutumin, asibiti, makaranta, kamfanin siminti, ƙungiyar agaji a Maiduguri, ƙaramar hukuma, har masallacin da ke da shaguna na haya. Amma ga inda mutane da yawa suke yin sake: digirin akanta shi kaɗai bai mayar da kai cikakken akanta ba a idon doka da masu ɗaukar aiki. Sai ka bi ta ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ƙwararru. Akwai ICAN wadda doka ta kafa a 1965, jarabawarta mataki uku ce, kuma wanda ya yi digirin akanta a jami'ar da suka amince da ita ana yafe masa wasu takardu ya fara daga sama. Akwai ANAN wadda aka kafa a 1979 ta samu amincewar doka a 1993, ita tana da kwalejinta a Kwall kusa da Jos inda ake zuwa a yi horo, kuma ma'aikatan gwamnati da yawa a Arewa ta nan suke bi. Sai ACCA ta Ingila ga mai son aiki a waje, amma da fam ake biyan kuɗinta, yanzu kuwa kowa ya san yadda naira take.

Muhawarar ICAN da ANAN ta daɗe, kowane ɓangare yana ganin kansa a gaba. Ni dai abin da na lura shi ne manyan kamfanonin odit guda huɗu, PwC da KPMG da Deloitte da EY, da bankuna da manyan kamfanoni masu zaman kansu sun fi tambayar ICAN ko ACCA, a aikin gwamnati kuwa duka biyun suna tafiya. Kuma wani abu da yaranmu ba su cika sani ba, ba sai ka gama jami'a za ka fara ba. Akwai shirin ATS na ICAN, wato matakin share fage na ƙananan akantoci, da mai takardar sakandare ma zai iya shiga, ɗalibai da yawa a Kudu tun suna aji biyu suke fara shi, kafin su je bautar ƙasa sun yi nisa, wasu ma sun gama. Mu kuma sai an gama bautar ƙasa an yi aure an haifi yara biyu sannan a tuna da shi, lokacin kuma ga aiki ga cefane, karatun ya zama jan aiki. Ƴan mata ma kada su ɗauka ba fagensu ba ne, Zainab Shamsuna Ahmed da ta riƙe ma'aikatar kuɗi ta tarayya daga 2018 zuwa 2023 akanta ta karanta a ABU Zariya.

Haraji ya cancanci a tsaya a kansa kaɗan tunda yanzu kasuwarsa ta buɗe. A watan Yunin 2025 shugaba Tinubu ya sa hannu a sabbin dokokin haraji guda huɗu waɗanda aka tsara su fara aiki daga Janairun 2026, hukumar tara haraji ta tarayya FIRS ta koma NRS, an kuma canza yadda ake lissafa harajin albashi har aka ce naira 800,000 na farko na abin da mutum ke samu a shekara babu haraji a kansa. Duk lokacin da doka ta canza haka ƴan kasuwa sukan rikice, kuma wanda ya fahimci dokar shi ake nema. Jihohi ma kowace ta matsa wa hukumar tara kuɗin shigarta lamba, ga KIRS a Kano ga KADIRS a Kaduna. Ƙungiyar ƙwararrun wannan fanni ita ce CITN. Wasu jami'o'i suna da digirin haraji shi kaɗai, amma mafi yawan masu aikin daga akanta suka fito, wasu daga lauya.

Sai Bizines Admin, wato ilimin gudanar da kasuwanci, kwas ɗin da ya fi kowanne cika aji. A nan ana ɗan taɓa komai ne, akanta kaɗan, maketin kaɗan, sarrafa ma'aikata, tsara yadda masana'anta ke aiki, dokar kasuwanci, dabarun shugabanci. Amfaninsa shi ne kana iya shiga kusan ko'ina, illarsa kuma ita ce wannan ɗin dai. Idan aka zo intabiyu aka ce me ka iya, ɗan akanta zai ce ina iya haɗa littafin kuɗi, kai kuma idan ba ka yi shiri ba sai ka tsaya kana cewa ka iya "gudanarwa", kuma babu kamfanin da zai ɗauki yaro ɗan shekara 23 ya ba shi kujerar manaja don kawai takardarsa ta ce gudanarwa. Ba kushe kwas ɗin nake ba fa. Abin da nake cewa shi ne wanda ya shige shi dole tun daga aji biyu ko uku ya zaɓi ɓangare ɗaya ya kama da kyau. In harkar ma'aikata ce, ɗauka da horarwa da albashi da sasanta rigimar ma'aikata da kamfani, to ga ƙungiyar ƙwararrun fannin, CIPM. In harkar sayo kaya da kwangila ce, akwai dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 da hukumar BPP mai sa ido a kanta, kuma ƙungiyoyin agaji na duniya kullum suna neman masu wannan ilimin da masu tsara jigilar kaya. In kuma ya ga lissafin kuɗi ya fi kwanta masa, babu abin da ya hana shi yin ICAN, don ba ƴan akanta kaɗai ake bari su zauna jarabawar ba, sai dai zai fara daga ƙasa fiye da su.

Wanda nake ganin Bizines Admin ya fi yi wa rana shi ne yaron da ya taso a gidan kasuwanci. Mahaifinka yana da shaguna a Kantin Kwari ko Singa, ko yana fitar da riɗi da zoɓo daga Dawanau, kai ba aiki za ka je nema ba, abin da gidanku ke buƙata shi ne wanda zai raba kuɗin shago da kuɗin aljihun Alhaji, ya yi wa kasuwancin rijista a hukumar rijistar kamfanoni CAC, ya san abin da ke sito ba sai an je an ƙirga ba, ya rubuta bashi a inda ba zai ɓata ba. Duk mun san dukiyoyin da suka watse bayan rasuwar mai su ba don babu kuɗin ba, sai don komai a kansa yake, babu rubutu, ana gama rabon gado kasuwancin ya mutu. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ba mutum ɗaya damar buɗe kamfani shi kaɗai ba sai ya nemo abokin tarayya ba. Irin wannan yaron in ya yi karatun da gaske, abin da zai tsare wa gidansu ya fi albashin banki nesa ba kusa ba. Matsalar kawai ita ce ko Alhaji zai yarda ɗansa ya leƙa masa littafi, wannan kuma ba a koyar da shi a jami'a.

Yanzu harkar banki da kuɗi. Sunan ne ke jan mutane, ana zaton da ka gama sai banki. Gaskiyar magana bankunan Najeriya ba su damu sosai da abin da ka karanta ba wajen ɗaukar sabbin ma'aikata, za ka tarar da wanda ya karanta kimiyyar sinadarai ko tarihi a kan kanta yana ƙirga kuɗi. Abin da suka fi dubawa sakamako ne, galibi digiri mai daraja ta biyu ta sama (2:1) wasu su karɓi ta ƙasa (2:2), sai shekaru, don da yawansu suna yanke wa a wajen 26 ko 27, sai kuma jarabawar gwaji tasu. Wannan maganar shekarun ba ƙaramin cutar da yaranmu take ba, ga yajin aikin ASUU, na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, ga jinkirin samun gurbi, kafin mutum ya gama bautar ƙasa ya wuce layin. Sannan a san cewa ma'aikatan banki da yawa da kake gani da taye ma'aikatan kwantiragi ne ta hannun wani kamfani daban, albashinsu ba ɗaya ba ne da na ainihin ma'aikata, wasu kuma aikinsu yawon neman masu ajiya ne, a ɗora maka adadin kuɗin da za ka kawo a wata, in ba ka kawo ba ka ji a jikinka.

To ina amfanin kwas ɗin kenan? Amfaninsa yana can ciki, inda ba a gani daga bakin kanta: tantance wanda ya cancanci bashi, auna haɗarin asara, sarrafa kuɗin banki da canji, zuba jari, kasuwar hannun jari. Nan ne wanda ya karanci harkar kuɗi da gaske yake yi wa sauran nisa. Ƙungiyar ma'aikatan banki ita ce CIBN, ta dillalan hannun jari CIS, sai CFA ta Amurka mai mataki uku wadda masu harkar zuba jari suke ji da ita. Wuraren aiki kuma ba bankunan kasuwanci kaɗai ba ne, akwai babban banki CBN da hukumar inshorar kuɗin masu ajiya NDIC da hukumar kula da kasuwar hannun jari SEC da ofishin kula da basussuka DMO, akwai kamfanonin fansho da suka taso bayan dokar fansho ta 2004, akwai irin su Moniepoint da OPay da suka cika kowane lungu da POS. Fannin yana yawan girgiza, wannan ma a sani. A zamanin da Soludo yake gwamnan CBN, 2004 zuwa 2005, da aka ce kowane banki ya kawo jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25. A Maris 2024 CBN ta sake ɗaga jarin, biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na ƙasa baki ɗaya. Duk sanda aka yi irin wannan ana haɗe bankuna, wasu ma'aikata su samu ci gaba wasu su koma gida.

Akwai maganar da ba za a tsallake ba a wajenmu, wato kuɗin ruwa. Gidaje da yawa ba sa son ɗansu ya yi aikin banki saboda riba, kuma wannan hukuncin na malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya yarda da iliminsa. Abin da zan iya faɗa shi ne yanzu akwai zaɓi. A bankunan da ba sa harka da kuɗin ruwa, Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, ga Alternative Bank, ga kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, ga sukuk, takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 ana gina hanyoyi da shi. Jami'ar Bayero tana da cibiya guda ta harkar banki da kuɗi a tsarin Musulunci. Wanda ya haɗa ilimin kuɗi na zamani da fahimtar fiƙihun mu'amala, ya san nau'o'in ciniki irin su murabaha da mudaraba da ijara ba a baki kawai ba, irinsa ba su da yawa, kuma a nan ɗalibin da ya yi Islamiyya mai kyau yake da fifikon da bai ma san yana da shi ba.

Ikonomiks kuma, ilimin tattalin arziki, a jami'o'i da yawa ba ma a tsangayar kasuwanci yake ba, yana cikin kimiyyar zamantakewa ne. Shi ba ya koya maka yadda za ka tafiyar da shago, yana koya maka me ya sa farashi ke tashi, me cire tallafin mai a 2023 ya yi wa aljihun talaka, me ya sa naira ke faɗuwa, ina gwamnati za ta sa kuɗi. Lissafinsa ya fi na sauran zafi musamman daga aji uku. Sarki Muhammadu Sanusi II Ikonomiks ya karanta a ABU kafin ya shugabanci First Bank ya zama gwamnan CBN daga 2009 zuwa 2014. Masu shi suna shiga CBN da hukumar ƙididdiga NBS da ma'aikatun kasafi da tsare-tsare da sashen bincike na bankuna da Bankin Duniya. Sai dai fa yawancin waɗannan kujerun suna son digiri na biyu, wanda ya tsaya a na farko kuma bai iya sarrafa alƙaluma a kwamfuta ba sau da yawa a koyarwa yake ƙarewa ko ya bi layin banki kamar kowa.

Maketin shi ne wanda aka fi rainawa, ana cewa wai karatun talla, mutum ya shekara huɗu don ya koyi abin da yarinya mai tallan gyaɗa ta iya. Wannan rashin sani ne. Kamfanoni irin su Nestlé da Unilever da MTN da Dangote da BUA, abin da ke riƙe da su shi ne sanin wa zai saya, a nawa, ta hannun wane dila, a wace kasuwa, kuma kasuwar Arewa babba ce da ba za su iya shigarta da kyau ba sai da wanda ya san harshen da mutanen. Bahaushe da ya iya Turanci ya iya lissafin ciniki yana da daraja a wajensu. Kuma a kamfani, ɓangaren da ke kawo kuɗi shi ke saurin samun ƙarin girma. Ga kuma tallan intanet, dubi yadda mata ke sayar da atamfa da turaren wuta a WhatsApp da Instagram da TikTok, yawancinsu da ka suke yi, wadda ta karanci abin za ta iya mayar da shi kamfani sosai.

Inshora da kimiyyar akcuwari kuwa kusan babu mai cika su a Arewa sai wanda aka tura. Akcuwari lissafi ne zalla, auna yiwuwar haɗari da tsawon rai da abin da za a biya nan da shekara 30, Jami'ar Legas ta daɗe tana koyar da shi, kuma ƙwararrunsa a Najeriya ƴan kaɗan ne ƙwarai, jarabawoyinsu na waje ne masu ɗaukar shekaru. Yaron da lissafi ke yi masa daɗi ya duba nan kafin ya bi ayari. An yi sabuwar dokar inshora a 2025, NAICOM ce mai kula da fannin, CIIN kuma ƙungiyar ƙwararrunsa.

Kwas ɗin koyon kafa sana'a a matsayin digiri guda, gaskiya ina da shakku a kansa, tunda dama duk ɗalibin jami'a ana tilasta masa darasin, kuma jari da kasuwa ba a aji ake samun su ba. Fablik Admin kuma da ake yawan jefa waɗanda ba su samu akanta ba, shi ba kasuwanci ba ne, gudanar da aikin gwamnati ne, tsohon fanni ne a harabar ABU ta Kongo a Zariya tun zamanin da ake horar da ma'aikatan En'e, kuma hanyarsa ma'aikatun gwamnati ce da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin raya ƙasa. Wanda aka ba shi alhali akanta yake so ya san cewa wata hanya daban aka ɗora shi, in zai karɓa ya karɓa da saninsa.

Wanda bai samu jami'a ba kuma kada ya zauna yana jiran JAMB shekara uku. Foliteknik irin ta Kaduna ta fitar da akantoci masu yawa, kuma mai HND yana zama jarabawar ICAN ko ya shiga ANAN kamar mai digiri. Bambancin da ake nunawa tsakanin HND da digiri a wajen aiki yana nan, majalisa ta zartar da ƙudurin soke shi a 2021 amma ba a sa masa hannu ba, sai dai da zarar mutum ya samu takardar ƙwararru tambayar tana raguwa sosai. Mai ND da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a aji biyu, ma'aikaci ko matar aure kuma ga buɗaɗɗiyar jami'a ta NOUN ana yi daga gida.

Kowanne ka zaɓa a cikinsu akwai abu ɗaya da za a gwada ka a kai ranar farko a ofis, shi ne Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta. Abin takaici ɗalibi zai gama aji huɗu a akanta da sakamako mai kyau bai taɓa buɗe shi ba, duk lissafinsa a takarda da biro, alhali kamfanoni a manhajojin akanta irin su Sage da QuickBooks suke aiki, manya kuma a SAP, gwamnati tana da nata tsarin na sarrafa kuɗi GIFMIS da na biyan albashi IPPIS da asusun bai-ɗaya na TSA. Hutun ƙarshen zango da ake kwashewa a majalisa ana gardamar ƙwallo ya isa mutum ya koyi Excel har ya fara taɓa manhajar nazarin alƙaluma ta Power BI, darussan suna nan kyauta a YouTube, wasu ma da Hausa. In babu kwamfuta a gida, a nemi wani ɗan kasuwa a unguwa ko ofishin wani akanta a ce za a riƙa taya shi rubuta ciniki ko da ba biya, wata uku na irin wannan shi za ka sa a takardar neman aiki a wajen da suke tambayar gogewa.